Kyamarar gaban mota: abin da direba zai duba kafin ya saya

Kyamarar gaban mota, wadda a kasuwa ake kira dashcam, ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a jikin gilashin gaba, tana ɗaukar bidiyon hanya tun daga lokacin da aka tayar da mota har a kashe ta. Tana ajiye abin da ta ɗauka a katin memori a guntu-guntu, na minti ɗaya, uku ko biyar, kuma idan katin ya cika sai ta goge mafi daɗewa ta ɗora sabo a kai. Aikinta shi ne ba da shaida ranar da aka yi hatsari ko gardama. Saboda haka ana auna ingancinta da tambaya ɗaya: a ranar da aka buƙace ta, tana kunne, kuma hoton da ta ɗauka yana karantuwa?

Amfaninta ga mai tsallaka iyaka

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a, wajen mutum 19 cikin kowane 100,000. Bayan kowane hatsari, ko da ba a rasa rai ba, akwai maganar wanda ke da laifi, kuma a kan wannan maganar ce biyan diyya yake rataye.

Direban da ya taso daga Garwa zuwa Yola, ko daga Kumasi zuwa Lome, yakan sami kansa a wurin da harshen hukuma ba nasa ba ne. Rahoton hatsari, wanda ake kira constat a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, ana rubuta shi ne bisa abin da jami'i ya gani da abin da mutane suka faɗa masa, kuma baƙo ba kasafai yake da masu tsaya masa a bakin hanya ba. Takardar inshorar ƙetare, wato Katin Ruwan Ƙasa na CEDEAO ko Carte Rose ta ƙasashen CEMAC, tana aiki ne da wannan rahoto. Bidiyon da ya nuna wanda ya keta jan fitila ko wanda ya shigo hannun da ba nasa ba ba ya buƙatar tafinta. Gani ya kori ji.

Irin wannan dalili ne ya yaɗa na'urar a Rasha, inda direbobi suka rungume ta don kare kansu daga masu haɗa hatsarin ƙarya su ci kuɗin inshora. Duniya ta san yawanta a can ne ranar 15 ga Fabrairu 2013, lokacin da wani dutse daga sararin samaniya ya tarwatse a saman birnin Chelyabinsk, kyamarorin motoci masu yawa suka ɗauke shi daga ɓangarori daban-daban.

Zafi: abu na farko

Yawancin bayanan da ake samu a intanet game da waɗannan kyamarori an rubuta su ne don direbobin Turai da Amurka. A Marwa, Njamena ko Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, lissafin ya bambanta. Cikin motar da aka rufe aka bari a rana yana iya wuce digiri 60, kuma jikin gilashin gaba, inda kyamarar take, yana daga cikin wuraren da suka fi zafi.

Kyamarori iri biyu ne ta fuskar abin da ke riƙe musu wuta a ciki. Wasu suna da batirin lithium irin na wayar hannu. Masu ƙera irin wannan batir galibi suna iyakance cajinsa a digiri 45, amfani da shi kuma a digiri 60. Idan ya daɗe yana shan zafin da ya wuce haka yakan kumbura, ya daina riƙe caji, wani lokaci ya fasa jikin kyamarar. Alamar farko ita ce kwanan wata da agogo su riƙa komawa baya duk safiya, ko guntun bidiyo na ƙarshe ya ƙi buɗewa. Guntu na ƙarshe kuwa shi ne na lokacin hatsari, idan karon ya katse wutar motar.

Nau'i na biyu yana amfani da kafasita, wadda ake rubutawa supercapacitor a kwali, ko supercondensateur a kwalin Faransanci. Ba ta riƙe wuta mai yawa, iyakarta ƴan daƙiƙun da kyamarar za ta kammala ajiye bidiyo bayan wuta ta yanke, amma tana jure zafi sosai kuma tana daɗewa. Ga motar da ke kwana a waje tana wuni a rana, wannan nau'in ya kamata a nema. A kuma duba iyakar zafin da aka rubuta a takardar bayani. Kyamarori masu kyau sukan kai digiri 65 ko 70. Wadda ba a rubuta mata komai ba abin shakka ce.

Zafi yana shafar abin maƙalawa ma. Robar tsotsa tana saki idan gilashi ya yi zafi, sai a tarar da kyamara tana lilo a jikin waya. Maƙali mai gam mai ƙarfi ya fi zama daram, musamman a hanya mai gargada.

Ingancin hoto

Ana rubuta girman hoto da lambobi: 1080p shi ne ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, 1440p ko 2K shi ne 2560 da 1440, 4K kuma 3840 da 2160. Mafi ƙarancin abin da ya kamata a karɓa shi ne 1080p mai ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa. Ga mafi yawan direbobi 1440p ya wadatar, domin yana nuna lambar mota daga ɗan nesa ba tare da ya cika kati da wuri ba.

Sai dai lambar da ke kan kwali ba ta isa hujja ba. Kyamarori masu araha da yawa suna ɗaukar ƙaramin hoto ne su buɗa shi da lissafin kwamfuta, sannan a buga musu 4K. Fayil ɗin yakan yi girma, amma lambar motar da ke gaba tana nan a dishe. Abin da ke yanke hukunci shi ne idon na'urar, wato sensa. Kamfanonin da suka yarda da kayansu sukan ambaci sunan sensar, kuma jerin STARVIS na kamfanin Sony, musamman STARVIS 2, ya yi suna wajen ɗaukar hoto a ƙarancin haske.

Dare ne gwajin gaskiya. A manyan hanyoyin da ba su da fitilun titi, kyamara tana fama da duhu a gefe ɗaya da hasken fitilar tirela a ɗaya gefen, kuma lambar mota tana mayar da haske har ta zama fari fat. Fasahar da ake rubutawa HDR ko WDR tana daidaita wuri mai haske da wuri mai duhu a hoto ɗaya, don haka tana da muhimmanci ga mai tafiyar dare.

Faɗin abin da kyamara ke gani ana auna shi da digiri. Tsakanin 130 da 150 ya isa ya kama hannu biyu na titi da bakin hanya, inda babura suke ɓullowa, ko kabu-kabu ne a Maraɗi, ko zemijan a Kwatano, ko bensikin a Duwala. Idan ya kai 170, gefen hoto yana lanƙwashewa, motoci su yi kamar sun fi nisa, lambobi su ƙanƙance.

Ko da kyamara mai tsada ce, ba kullum take kama lambar motar da ta wuce a guje ba. Dabarar da ƙwararrun direbobi ke yi ita ce su karanta lambar da ƙarfi, makirfon kyamarar ya naɗi muryarsu.

Katin memori

Nan ne aka fi yin asara. Kyamarar mota tana rubutu a kan kati ba hutawa, tana gogewa tana sakewa, alhali kowane kati yana da iyakar yawan rubutun da zai ɗauka kafin ya gaji. Katin da aka yi don waya yana iya mutuwa cikin ƴan watanni, kuma sau da yawa yana mutuwa shiru: fitilar kyamara tana kunne, amma ba abin da ake ajiyewa. Akwai katunan da aka ƙera musamman don wannan aiki, masu ɗauke da kalmar Endurance, irin su SanDisk High Endurance da Samsung PRO Endurance. A duba kuma alamar U3 ko V30, wadda ke nufin katin yana rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa.

Wajen girma, kyamara mai 1080p tana cin kimanin gigabait 6 a awa ɗaya. Katin gigabait 32 zai riƙe wajen awa biyar ke nan, na 64 kuma wajen awa goma, kafin a fara gogewa. Idan akwai kyamarar baya, lokacin yana raguwa kusan rabi. Mai zirga-zirgar cikin gari 64 ya ishe shi. Direban da ke bin hanyar Duwala zuwa Njamena, mai tsawon kusan kilomita 1,800 da ake kwanaki a kanta, ya fi dacewa da 128 ko 256, muddin kyamarar tana karɓar wannan girman, abin da ake rubutawa a takardar bayaninta.

Katunan jabu sun yi yawa a kasuwanni. Ana ɗaukar ƙaramin kati a sauya masa bayani ya riƙa nuna 128, sai ya cika ainihin girmansa ya fara lalata fayiloli. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce a kwamfuta mai Windows, tana cika kati da bayanai ta sake karanta su, ta nuna girmansa na gaskiya. Katin da farashinsa ya yi ƙasa da na sauran shaguna nesa ba kusa ba, a bar shi. Araha ba ta ado.

Na'urar jin karo

Kusan kowace kyamara tana da abin da ke jin girgiza, G-sensor, wanda ke kulle guntun bidiyon da ake ɗauka idan an yi karo, don kada a goge shi. A kwalta mai santsi yana aiki yadda ake so. A hanya mai ramuka ko ta jar ƙasa kuwa, kowane rami karo ne a wurinsa, sai katin ya cika da fayilolin da aka kulle, wasu kyamarorin ma su daina ɗauka gaba ɗaya. Maganin shi ne a sa ƙarfin jinsa a mataki mafi ƙasa, a kuma zaɓi kyamara mai maɓallin kulle bidiyo da hannu a wurin da yatsa zai same shi ba sai an duba ba.

Wuta da gadin mota a tsaye

Hanya mafi sauƙi ita ce a jona kyamara a soket ɗin kunna taba, inda ƙaramar caja ke mayar da wutar mota mai bolt 12 zuwa bolt 5. Manyan motoci, tireloli da tankoki da wasu bas-bas, suna aiki da bolt 24, don haka sai an tabbatar an rubuta 12–24V a jikin cajar. A wasu motocin soket ɗin ba ya mutuwa idan an zare makulli. Mai irin wannan mota, in ya bar kyamara a jone ta kwana biyu, yana iya wayar gari da mataccen batir.

Wanda ke son kyamara ta yi gadin mota a tsaye, a tasha ko a bakin kasuwa, yana buƙatar wayar da ake haɗawa kai tsaye da akwatin fiyus. Dole wannan waya ta kasance mai yanke wuta da kanta idan batir ya yi ƙasa. Cikakken batirin mota yana nuna wajen bolt 12.6, kuma sa iyakar yankewa a 12 ko 12.2 yana barin abin da zai tayar da inji. Aikin haɗawar na mai gyaran wutar mota ne, kuma a ja hankalinsa kada ya bi da waya ta gaban jakar iska da ke cikin ginshiƙin gefen gilashi. A tuna kuma kyamarar da ke aiki a motar da ke tsaye cikin rana ita ce ta fi shan zafi, wasu ma sukan kashe kansu idan abin ya yi yawa.

GPS, kwanan wata da agogo

Kyamara mai GPS tana buga wuri, gudun mota da lokaci a jikin bidiyo. Wannan yana ƙara wa shaida nauyi, kuma yana taimaka wa mai motar haya ya san inda motarsa ta bi. Amma shaida ba ta da ɓangare: idan direban ne ya wuce ƙa'idar gudu, bidiyonsa zai faɗa.

Agogon kyamara yana bukatar kulawa ga masu tsallaka iyaka. Kamaru, Cadi, Nijar, Najeriya da Benin duk suna kan GMT+1. Gana, Togo da Burkina Faso suna kan GMT, Sudan kuma GMT+2. Wanda ya tsallaka daga Benin zuwa Togo ta Hillacondji ya koma baya da awa ɗaya, kuma bidiyon da lokacinsa ya saɓa da na rahoton jandarmomi yana buɗe ƙofar musu. A cikin saitin akwai kuma zaɓi tsakanin 50Hz da 60Hz. Wutar lantarkin ƙasashen yankin 50Hz ce, kuma zaɓen daidai yana rage ɓarin hasken fitilu a bidiyon dare.

Ido ɗaya, biyu ko uku

Kyamara mai ido ɗaya tana kallon gaba kawai. Mai ido biyu tana da ƙaramar ƴar'uwa a gilashin baya, wadda ke kama wanda ya bugi mota ta baya, abin da ya zama ruwan dare a cunkoson birane. Mai ido uku tana ƙarawa da kallon cikin mota, yawanci da fitilun infrared masu gani a duhu, kuma ta fi amfani ga masu tasi da masu aiki da manhajojin hayar mota irin su Gozem ko Bolt. Mai irin wannan ya kamata ya manna sanarwa a cikin mota don fasinja ya san ana ɗauka. Idan kuɗi bai kai ba, kyamara mai ido ɗaya mai inganci ta fi mai ido uku da ba ta gani da dare.

Daga cikin sunayen da suka yi fice akwai Viofo da 70mai na ƙasar Sin, BlackVue da Thinkware na Koriya ta Kudu, Garmin, da Nextbase na Ingila. Kowane kamfani yana da nau'o'i da yawa, wasu da batir wasu da kafasita, don haka suna kaɗai ba ya wadatarwa, sai an karanta bayanin ainihin nau'in da ake saye.

Doka da shingayen bincike

Dokar kyamarar mota ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Turai ma, Ostiriya da Fotugal da Lukzambur sun tsaurara a kanta, yayin da babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke hukunci a watan Mayun 2018 cewa ana iya karɓar irin wannan bidiyo a matsayin shaida a shari'ar hatsari.

A yankinmu ƙasashe sun kafa dokokin kare bayanan mutane: Gana a 2012, Cadi a 2015, Nijar a 2017, Najeriya a 2023, Kamaru a ƙarshen 2024. Fuskar mutum da lambar motarsa suna cikin abin da ake iya gane shi da su. Miƙa bidiyo ga ƴan sanda, kotu ko kamfanin inshora abu ne daban da watsa shi a Facebook ko TikTok, inda mai watsawar zai iya jawo wa kansa ƙara. Bidiyon da ke nuna waɗanda suka ji rauni ko suka rasu kuwa, mutunci ma ya hana a yaɗa shi.

Babban abin kiyayewa shi ne wuraren tsaro. Ɗaukar hoton barikin soja, ayarin sojoji, filin jirgin sama ko ofishin kan iyaka yana iya sa a tsare mutum a ƙwace na'urarsa, musamman a yankunan da ake fama da rashin tsaro kamar Arewa Mai Nisa a Kamaru, Diffa da kewayen Tafkin Cadi. Direba ya san yadda ake kashe kyamararsa da sauri, ya kashe ta kafin ya isa irin waɗannan wurare. Idan jami'i ya tambaya, a yi masa bayani a fili cikin ladabi. Ɓoye ta ko gardama a kanta yana ƙara zargi ne kawai.

A wurin saye da wurin ɗaurawa

Mai saye ya nemi a kunna masa kyamarar a shago, a ɗauki ɗan bidiyo, a buɗe shi a waya ko kwamfuta, domin ƙaramin allon kyamara yana ɓoye aibi. Ya tsayar da bidiyon ya ga ko rubutun da ke nesa yana karantuwa. Idan tana da Wi-Fi, a gwada haɗa ta da wayarsa a nan take. Wannan haɗin tsakanin waya da kyamara ne kawai, ba ya cin data. Ya duba ko saitinta yana da Faransanci ko Ingilishi, ya karɓi rasit, ya kuma ji tsawon garanti. A cikin kuɗin da ya ware ya lissafa da kati mai kyau da ladan mai ɗaurawa.

Wurin da ya fi dacewa da ita shi ne bayan madubin tsakiya, inda ba ta tare wa direba gani, kuma a cikin iyakar da abin share gilashi yake kaiwa, saboda ruwan damina da ƙurar hunturu. A saita ta yadda hanya za ta ci fiye da rabin hoton, sama ta ɗauki saura. Gilashi mai datti yana ɓata hoton kyamara mafi tsada.

Idan hatsari ya faru

Bayan an kula da waɗanda suka ji rauni, a danna maɓallin kulle bidiyo, a kashe kyamarar, a zare katin a adana shi, don kada sabon ɗauka ya hau kan shaidar. A kwafi fayil ɗin a waya da wani wuri na biyu kafin a miƙa wa kowa. Kada a yanke shi ko a gyara shi. WhatsApp yana matse bidiyo har lambobi su dishe, sai dai in an tura shi a matsayin takarda. A ajiye kyamarar kanta ma, domin a wasu ƙasashe kotu tana neman tabbacin na'urar: a Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shar'anta a nuna cewa na'urar da ta samar da shaidar tana aiki daidai a lokacin.

Sau ɗaya a wata, mai mota ya buɗe bidiyon jiya ya tabbatar yana nan, agogo daidai, hoto garau, sannan ya kwashe abin da yake buƙata ya wanke katin daga cikin saitin kyamarar. Aikin minti biyar ne, kuma da shi ake gane katin da ya fara gajiya tun kafin ranar da za a neme shi.